Shuɗin Fenti

Shekara ashirin da bakwai ina ratsa dajin gwamnati
a gefen kogin Umpqua,
gwangwanin fenti a dama, igiyar awo a hagu.
Bishiyar da na shafa wa shuɗi, kwananta ya ƙare.
Wadda na wuce, ta sha.
Ban taɓa riƙe zarto ba.
Da wannan nake lallashin kaina,
kamar mai nuna wa mahauci saniya
ya ce hannunsa bai san jini ba.

Da kuɗin shuɗin nan na rufe gida,
da shi na sayo wa Maren takalminta na farko,
da shi na biya jami'ar
da ta koya mata ta dubi tsabar idona
ta ce, Baba, kun yi ɓarna.

Yau kwana goma sha tara tana sama.
Katako uku ta ɗaure
a wuyan wata tsohuwa da hazo ke kwana a kanta,
wadda ni da hannuna na shafa wa shuɗi
ranar wata Talata, ina sauri in ci abincin rana.

Da dare, in masu gadi sun shige mota shan kofi,
nakan lallaɓo da romon kifi,
in ja igiya sau biyu.
Bokiti ya sauko.
Bokiti ya hau.
Iyakar hirarmu ke nan.

Bara waccan wuta ta lashe rabin garinmu,
har cocin da na auri uwarta.
Kamfani ya ce, a rage dajin, wuta ta rasa abinci.
Maren ta ce, duniya ce ke zazzaɓi,
ku kuma kuna yaye mata inuwa.
Ni da na tsaya cikin toka har idon sawu
ina tonon cokulan Lorna,
ban ji maganar da ta kai zafin ƙasar ba.

Wendell ya tare ni a gidan mai.
'Ya'yansa huɗu, zarton ma bashi ne.
Ya ce, in taka ta ci nasara,
nawa su ci me, ganye?
Na buɗe baki, na rufe.
Gaba kura, baya siyaki,
kuma dukansu na san su tun suna rarrafe.

Jiya na zauna kan wani kututture,
faɗinsa ya isa mutum shida su ci abinci.
Na sa farce ina ƙirga zobbansa.
Ga shekarar ruwa, mai ƙiba.
Ga ta fari, siririya kamar zare.
Ga tabon wata gobara da babu mai tuna ta.
Wajen ɗari huɗu lissafi ya kuɓuce mini.
Na auna rayuwata a bakin ɓawon:
yatsa biyu.
Aurena, gashina da ya yi furfura, kabarin Lorna,
duk yatsa biyu.

Daren nan bokiti ya zo da takarda.
Na zaci wa'azi ne, irin na allunan zanga-zanga.
Ta rubuta:
Baba, akwai mujiya a reshen sama, ta saba da ni.
Gishiri ya yi yawa.
Aiko mini da safa.

Na koma mota neman safa.
A ƙarƙashin kujera akwai wani gwangwani,
ruwan lemo, wanda ke nufin a bar ta.
Shafa shi ba izini laifi ne,
na san sashen dokar, na san tarar,
na san saura wata takwas in yi ritaya.

Ga ni dai a gindinta.
Raɓa na ɗiga a wuyan rigata.
Ina girgiza gwangwanin a hankali,
ɗan ƙarfen cikinsa na ƙara, ƙwas, ƙwas,
daga sama kuma ta rage murya:
Baba, kai ne?